Abin da muka tsinta a zaman Samaru kan yara marasa natsuwa

Ranar Asabar iyaye da malamai muka zauna a Samaru kan yaran da ake cewa ba sa jin magana. Wata malamar firamare ta ce akwai ɗalibinta da ba ya minti biyu a kan benci, sai ya miƙe ya leƙa taga. Da ta maido shi gaban allo, tana ba shi aiki ƙanana-ƙanana tare da aiken goge allo, sai ya lafa. Bulala kuwa ba ta taɓa yi masa magani ba.

Aka ja kunnenmu kada mu haɗa matsalar rashin natsuwa da otizim, wato lalurar da ke hana yaro mu'amala da mutane yadda aka saba, wanda likita Leo Kanner ya bayyana a 1943. Yaron da bai waiwayo idan an kira sunansa, bai haɗa ido, a fara gwada jinsa, sannan a kai shi asibitin koyarwa na Shika. Batun cewa rigakafi ke jawo otizim kuwa ƙarya ce. Mujallar likitoci ta Lancet ta janye binciken da ya kawo wannan batu a 2010.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Emmy Werner a tsibirin Kauwai na Amurka, kan yara 698 da aka haifa a 1955. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin wahala sun zama mutanen kirki, galibi saboda wani babba da ya riƙe su. Wata dattijuwa ta ce, "To, Malam, ai aikin kaka ke nan."