Ƙiba da hawan sukari bayan dashen zuciya: ta ina za a kama?

Assalamu alaikum likitoci. Wani majinyaci a nan Kaduna aka yi wa dashen zuciya a Indiya wata 14 da suka wuce. Nauyinsa ya tashi daga kilo 68 zuwa 83, sukarinsa na safe kafin karyawa ya kai 7.4 mmol/L. Yana shan magungunan hana jiki ƙin sabuwar zuciyar: prednisolone na buɗe masa ciki, tacrolimus na rage insulin (sinadarin da ke sauke sukari a jini), kuma ba a taɓa su sai da yardar masu dashen. Tuwo ya koma malmala ɗaya, an daina lemon kwalba. Tafiyar minti 30 tana gajiyar da shi, domin an yanke jijiyoyin zuciyar, bugunta na jinkirin tashi.

Ga inda muka cije: ƙodarsa ta ɗan raunana, maganin sukari metformin zai yiwu? Ko semaglutide, maganin sukari da ƙiba, alhali aman da yakan jawo na iya rikita yawan tacrolimus a jini? Don Allah a taimaka.