Abin da aka tattauna kan kalmar Turanci "proclaimed"

Jama'a maganar ta yi tsawo, bari in tattaro muku abin da aka faɗa.

1. Kowa ya yarda ma'anarta shelantawa, wato a bayyana abu a bainar jama'a da ƙarfin murya ko da ikon hukuma, kuma abin da ya riga ya wuce ne, tushenta "proclaim".

2. An fi jin ta a harkar sarauta da gwamnati. Misalin da aka kawo: "Charles was proclaimed king", wato an shelanta Charles a matsayin sarkin Birtaniya, shelar da aka yi a Landan ranar 10 ga Satumba 2022.

3. Mutum ma zai iya shelanta abu game da kansa, kamar "He proclaimed his innocence", ya fito fili ya ce ba shi da laifi.

4. "Self-proclaimed" kuwa wanda ya naɗa kansa ne ba wanda ya naɗa shi, akwai ɗan zargi a cikinta, sai a kula sosai.

Inda aka rabu shi ne batun "as", wasu sun ce "proclaimed as king" ba laifi tunda ana gani a rubuce, wasu suka ce a cire ta jimlar ta fi tsafta, ni dai gaskiya ina tare da na biyun. Sannan da yawa sun ja kunne kada a sa "proclaimed" a ƙaramar magana, in aboki ya ce yana jin yunwa "said" ta wadatar.