Tun da jiniyar masaƙu ta yi shiru: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Sharaɗa:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya na raka yayyena mata Kantin Kwari haɗa lefen ƙaninmu. Mun shiga layi ya fi biyar, atamfa, shadda, leshi, yadin maza, ni kuma ina ta juya bakin turmi ina duba inda aka yi shi. Wallahi ko ɗaya ban ga wanda aka saƙa a Kano ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin da albashin masaƙa marigayi mahaifinmu ya rene mu. Ginin da ya yi aiki yana nan, an mayar da shi sito, kayan da ake jibgewa a ciki ma daga waje ake shigo da su.

Kullum a rediyo ana cewa duniya ta dunƙule, kasuwa a buɗe take. Ba gardamar wannan nake so mu yi ba. Wanda abin ya taɓa sana'arsa ko gidansa ko unguwarsa, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani. Don Allah kada a kama sunan kowa.

Tsohon ma'aikacin masaƙa:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni a 1985 na shiga sashen saƙa, daga baya aka mayar da ni gyaran inji. Kashi uku muke, na safe, na rana, na dare. In jiniya ta kaɗa a Bompai ko Sharaɗa, sai titi ya cika da kekuna har mota ta rasa wurin wucewa. A bakin ƙofa ga mai shayi, ga mai tuwo, ga mai facin keke, ga mai kanti da ke ba mu bashi sai ƙarshen wata. Su ma duk da masaƙar suke ci.

Bugu na farko shi ne shirin gyaran tattalin arziki na SAP na zamanin Babangida, 1986. Naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadarin rini kuwa duk daga waje suke zuwa. Muka jure wannan. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, to daga nan ne ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashinmu.

Amma in zan faɗi gaskiya, wuta ce ta fi cin mu. Wanda bai taɓa tsayawa a ɗakin saƙa lokacin da aka ɗauke wuta ba, ba zai gane ba. Ƙarar da ta toshe maka kunne sai ta yanke lokaci ɗaya, zare ya tsittsinke, inda injin ya tsaya kuma ya bar layi a jikin yadin, wannan wurin ya zama yadi mai daraja ta biyu ke nan. Kafin janareto ya ɗauka an yi asara. Baƙin man da tukunyar tururi ke sha, wani lokaci sai a yi mako ana jiran tanka. Audugar da ake kawowa daga su Funtuwa da Gusau, bayan da aka koma zuba ta a buhun leda, sai zaren ledar ya cakuɗa da ita, ga shi ba ya karɓar rini, sai ka ga fari-fari a jikin yadi. Da waɗannan matsaloli aka ce mu yi gasa da mutumin da wutarsa ba ta ƙiftawa.

Kashi uku ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya. A 2004 muka zo da safe muka tarar da takarda manne a ƙofa. Haƙƙinmu rabi aka ba mu, sauran har yau shiru. A Kaduna ma masaƙar UNTL, da ta fi kowace girma, ta tsaya da aiki a 2007. Da ɗan abin da na samu na sayi babur na shiga acaɓa da furfurata. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana goyo a babur. Wannan ma ya tafi.

Ɗan kasuwar Kwari:
Baba, Allah ya saka muku, ya fitar muku da haƙƙinku. Na san in ana wannan magana mu ake kallo, kuma ba zan wanke kanmu ba. Ba 'yan Chana ne suka fara zuwa ba, mu muka je. Maigidana da hannunsa yake yanko ƙyallen atamfar da ake yayi, ya sa a aljihu ya tafi birnin Gwanzu na ƙasar Chana, ya ce a buga masa irinta a rabin kuɗi. Chana ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001, a farkon 2005 kuma aka cire ƙayyade adadin yadin da ƙasashe ke fitarwa, sai masaƙunsu suka buɗe wuta. Ko a shekarun da aka sake haramta shigo da kayan, ba su daina zuwa ba. A sauke a Kwatano, a hau da su Maraɗi, su shigo cikin dare. Kowa ya sani, kowane shinge da kuɗinsa.

Da suka gane hanya sai suka biyo mu har gida, suka kama sito, suka riƙa ba 'yan kayi-nayi kaya bashi. Mai zuwa Gwanzu ya wayi gari mai masaƙar na maƙwabtaka da shi a kasuwa. Ina nan a 2012 lokacin da jami'an shige da fice suka kama su 45 a Kwari. An yi ta murna, ba a daɗe ba komai ya koma yadda yake.

Yanzu kuma dala ce ke yanka mu. Farkon Yunin 2023 a banki tana wajen naira 460, a kasuwar canji ta Wapa wajen 750. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Na sayar da kaya kaf, na ga riba a littafi, da na je canji kuɗin bai sayo mini rabin abin da na sayar ba. Ga juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, aka rufe iyaka har Maris na 2024. Mutanen Damagaram da Agadas da suke ɗaukar dila-dila, wata takwas ban ga ƙeyarsu ba, wasu da bashina a hannunsu, ba don sun ƙi biya ba. Yara biyu na sallama daga shago, ina kuka a zuci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin tsayawa a kan magana ɗaya. A 2019 Babban Banki ya ce ba dala ga mai shigo da yadi, a Oktoban 2023 ya ce an ɗage. Wane mai kuɗi ne zai zuba dukiyarsa a gina masaƙa bai san dokar baɗi ba?

Marini:
Alhaji, ka faɗi gaskiya, Allah ya biya ka. Mu gadon rini muka yi. Karofin Ƙofar Mata ana lissafa shi tun 1498. Ganyen baba da toka da kanwa ake haɗawa a rijiyar, a bar ta ta tsima, kullum ana motsawa, har kumfa ta taso. Ka tsoma, ka ɗago ya sha iska, ka mayar. Da idonka za ka ga kore yana juyewa shuɗi. Hannun kakana har ya rasu shuɗi ne zuwa gwiwar hannu. Turawa masu yawon buɗe ido suna zuwa suna saye, amma tun harin Boko Haram na 20 ga Janairun 2012 a Kano ƙafarsu ta ɗauke. Rijiyoyi da yawa yanzu shara ce a ciki.

Ni na koma rinin zamani na tukunya. Farar shadda ake kawowa daga waje mu rina, mata a cikin gida su yi ƙulli, mabuga su buga ta ta yi ƙyalli. Turmi ɗaya gida uku ke ci. Sai aka wayi gari ana shigo da ita a rine, har zanen ƙullin matanmu an ɗauka a hoto an buga da inji. Ranar da na fara ganin zanen da mahaifiyata ke ƙullawa da allura a jikin yadin kwantena, ban iya cin abinci ba. Shi ya sa a 2015 muka yi tattaki zuwa fadar Sarki. An saurare mu, amma kayan ba su daina shigowa ba.

Maman 'yan biyu, tela:
Ku yi haƙuri iyayena, ni zan faɗi ɗaya ɓangaren. Ba don atamfar Chana mai sauƙi ba, gidaje da yawa a layinmu ba za a yi wa yara ɗinkin Sallah ba. Na ga uwa ta zo da turmi ɗaya ta ce a fitar wa 'ya'ya uku. Ba za ka ce mata ta sayi na gida mai tsada don kishin ƙasa ba.

Amma mu ma abin ya iso kanmu. 'Yan mata yanzu abaya da dogayen riguna ɗinkakku suke so, na Dubai da Masar da Chana. Keken lantarki biyu gare ni. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, na daina tayar da janareto, na koma keken ƙafa. Ɗaya daga cikin na lantarkin ma ya lalace, yana nan na lulluɓe shi da zani. Masu rasit na karɓar haraji kuwa ba sa fashi, wannan ya zo yau, wancan ya zo jibi, kowa da kalar takardarsa, kwatar ƙofar shagona kuma da kuɗinmu muke yashe ta.

Ɗan kwamitin unguwa:
Duk abin da kuka faɗa, a wurinmu yake ƙarewa da dare. Shekara tara ina cikin 'yan sintirin unguwarmu. Yaran da muke kamawa da wuƙa kan ƙwacen waya ko faɗan daba, in ka bi salsala, da yawansu jikokin mutanen da Baba yake ba da labari ne. Kakan ya yi masaƙa, uban ya yi acaɓa, yaron ya tashi bai taɓa ganin wani a gidansu ya fita aiki da lokaci ya dawo da lokaci ba. Mai sayar da ƙwaya yana bakin lungu. In zaɓe ya matso a zo da mota a kwashe su, in an gama a watsar.

Ranar 1 ga Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe aka shiga fasa wurare, har gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24, na tare wani yaro da katan ɗin taliya a ka. Na san gidansu, na san marayu ne. Na sa ya mayar, ya mayar yana kuka, ni ma ban yi barci ba daren.

Mun sha yin sulhu a zauren mai unguwa. A kira liman, a kira iyaye, ɓangare biyu su ajiye makamai su yi musabaha. Wani zama da muka yi, bayan an shafa fatiha, babbansu ya ce mini, Kawu mun ji mun tuba, to gobe da safe ina za mu je? Zauren ya yi tsit. Daga ranar muka canja salo, muka riƙa bin masu walda da kafintoci da masu gyaran waya a Farm Centre muna roƙo su ɗauki yaro ɗaya-ɗaya, mu ne masu tsaya musu. Waɗanda suka samu wurin zuwa, akasarinsu ba mu sake ganinsu a lungu ba. Masu sana'ar ne suka yi kaɗan, su ma kukan wuta suke. Wani mai ƙaramar masana'antar roba ya yi mana alkawarin ɗaukar biyar, sai aka ƙara kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, a Afrilun 2024 zuwa naira 225 kowane yunit, ya kira ni ya ce in yi haƙuri. Yana ta jiran bututun iskar gas na AKK, wato daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, da aka ƙaddamar da aikinsa tun 2020.

Tsohon ma'aikacin masaƙa:
Malam, maganar yaron nan ta taɓa ni. Akwatin kayan aikina yana nan ƙarƙashin gado, sifanu da sukundireba da fayil, duk shekara ina shafa musu mai. Wanda ya gyara injin saƙa, keken ɗinki ba zai gagare shi ba, kuma idona da sauransa. In za ka ba ni yara biyu masu natsuwa, zan koya musu a soron gidana, ba na son ko kwabo.

Maman 'yan biyu, tela:
Baba, to ku fara da nawa da ke lulluɓe. Tsallake yake yi yana tsinka zare. A layinmu kaɗai na san teloli huɗu da nasu ke ajiye.

Ɗan kwamitin unguwa:
Allah ya saka da alheri Baba. Akwai yaron taliyar nan da wani abokinsa. Zan fara zuwa wurin mahaifiyarsa yau bayan Magariba in nemi izininta, in ta amince ranar Asabar da hantsi zan kawo su da kaina.