Seleri mai kai: in shuka a Kadawa ko in haƙura?

Manomin Kadawa: Assalamu alaikum. Wani kuku a otal a Kano ya ce in na noma masa seleri mai kai, wanda ake cin dunƙulensa na ƙasa, zai saye duka. Ina da fangali ashirin da na saba sa kabeji. Yanzu ƙarshen Oktoba ne. In shuka, ko lokaci ya wuce?

Maman Husna: Wa alaikumus salam. Shuka kawai, ɗan'uwa. Ni a bokiti nake yi, ganyen na da daɗi a miya.

Ɗan Bukuru: Hajiya, ba na ganye yake nufi ba. Malam, irin nan ƙanana ne ƙwarai, ba a binne su, sai sun ga haske suke tsira, kuma sai ka jira mako 2 zuwa 3. Reno ya ci mako 10, bayan dashe kuma kusan wata 4. Lissafa da kanka, bazara za ta riske ka. Mu a Jos sanyi ne ke rufa mana asiri.

Baba Lambu: Yaro, ka ji tawa. Ni ma wani otal ya yi min wannan alkawari. Na bar karas, na yi ta ban ruwa safe da yamma, don ko kwana ɗaya ƙasa ta bushe kan ya ƙi girma. Da zafi ya shigo, kawunan suka tsaya ƙanana, duk jijiya. Na kai, aka ce kukun ya bar aiki. A kasuwar 'Yankaba ba wanda ya taya. Har yau ban gama biyan bashin taki ba.

Ɗan Bukuru: Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma ni na sayar da kai ɗaya 1,500.

Auwal Dillali: 1,500 a ina? Ni 400 na saya a kasuwar Farin Gada ta Jos.

Baba Lambu: Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya yi shiru.

Auwal Dillali: Baba, ba dillali wa zai kwashe muku kaya?

Sarkin Raha: Ku ba ni kai ɗaya in gwada a faten doya, in na rayu a shuka.

Maman Husna: Ni abin da ke ƙona min rai irin banza ne. An sayar min da fakiti, ashe kwanan watansa ya wuce.

Baba Lambu: Ai gara iri. Man injin ban ruwa fa? Tun da aka cire tallafi a 2023, rabin kuɗin lambu a galan yake ƙarewa.

Manomin Kadawa: To jama'a, in na jira Satumba mai zuwa fa?

Auwal Dillali: Baba, nawa ka sayi lita jiya?