Wa ya san tarihin tsohon laburaren titi na 135 a Harlem?

Mai Tasi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 4 ke nan ina wuce wani gini na farin dutse a titi na 135 a Harlem, New York. Jiya dai na ajiye mota na tsaya na ƙare masa kallo: hawa uku, manyan tagogi, ba shi da faɗi sosai amma yana da kwarjini. An ce mini da can laburaren unguwa ne. Abin da ya ɗaure mini kai, na ga irinsa a wasu unguwanni, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Wa ya gina su?

Tsohon Magini:
Wa alaikumussalam ɗan uwa, idonka bai yi ƙarya ba. Kuɗin Andrew Carnegie ne, attajirin ƙarfe. A 1901 ya bai wa birnin dala miliyan 5.2 don a gina rassan laburare 65, da sharaɗin birni ya ba da fili ya kuma ɗauki nauyin gudanar da su. Wanda ka gani an buɗe shi a 1905, kamfanin McKim, Mead & White ne ya zana shi. Ni tagogin ne suka fi burge ni. An yi su manya ne don mai karatu ya samu hasken rana, mai wucewa kuma ya hango mutane da littattafai ya ji sha'awar shiga. A wancan zamanin, a yawancin rassan har da gidan mai kula da ginin a can sama, shi da iyalinsa, saboda tukunyar ɗumama ɗakuna da kwal take aiki, ba a barin wutarta ta mutu a lokacin sanyi.

Malamar Aji Uku:
Baba Magini, ka bar babban labarin! A 1926 ne aka sayi tarin littattafai da takardun Arturo Schomburg, haifaffen Puerto Rico, kan tarihin baƙar fata, aka ajiye su a wannan reshen. Daga nan cibiyar Schomburg ta binciken tarihi da al'adun baƙar fata ta samo asali, kuma tsohon ginin yana cikinta har yau. A ɗakin ƙasansa ma aka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta baƙar fata a 1940, inda Sidney Poitier da Harry Belafonte suka goge.

Mai Tasi:
Allah Ya saka da alheri. Malama, ashe kullum ina wuce taskar tarihinmu ban sani ba. Ranar Asabar in sha Allahu zan kai yarana biyu mu shiga ciki.