Ciwon sukari da abincin kan hanya a Yamai: me za a saya da rana?

Direban Wadata:
Assalamu alaikum. Ina da ciwon sukari nau'i na 2, ina shan metformine safe da dare, da glibenclamide da safe. Aikin taksi ba ya barin mutum ya koma gida da rana, abin da na tarar a bakin hanya shi nake ci. Don Allah masana, tsakanin mai shayi, mai shinkafa, mai dambu da mai nama, wanne ya fi dacewa, kuma nawa zan ci?

Hajiya ta Yantala:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin maganar abinci, maganinka nake so ka lura da shi. Metformine shi kaɗai ba kasafai yake kayar da sukari ƙasa ba, amma glibenclamide yana tilasta wa jiki fitar da insulin ko ka ci ko ba ka ci ba. Idan ka sha shi da safe, ka bar abincin rana har la'asar saboda fasinja, sukarin zai iya faɗuwa ƙasa da 0,70 g/L a na'urar awon sukari kana riƙe da sitiyari. Alamominsa rawar hannu, zufa mai sanyi, bugun zuciya, jiri, da gani dishi-dishi. Ka ajiye sukari na ƙwaya a motar. In ka ji haka, ka faka nan take, ka sha sukarin ƙwaya 3, wato kusan giram 15, ka jira minti 15 ka auna. In bai hau ba ka maimaita, in ya hau ka ci abinci sosai kafin ka tada mota. Ka kuma gaya wa likitanka irin aikinka, don akwai magungunan da ba su da wannan haɗarin sosai. Kada ka canza da kanka.

Sai abin sha, nan ne mutane suka fi yin ɓarna ba su sani ba. Lemon gwangwani na 33 cl yana ɗauke da sukari kusan giram 35, ƙwaya 7 ke nan a narke, kuma ruwa ba ya daɗewa a ciki, da sauri sukarin yake shiga jini. Bisap da lemun citta da ake ƙullawa a leda su ma haka, ba ka ma san yawan abin da aka zuba ba. Ruwa zalla shi ne abokin abincinka.

Ma'aunin faranti kuwa: rabi ganye ko salati, kwata nama ko kifi ko ƙwai, kwata shinkafa ko tuwo, kada ya wuce girman dunƙulen hannunka. Ka fara cin ganyen da naman, hatsin ya zo ƙarshe.

Baban Kicin:
Hajiya ta gama magana a kan magani, bari in bi masu abincin ɗaya bayan ɗaya.

Mai shayi. Ƙwan da yake soyawa da albasa da tumatir ba laifi, ka ce ya rage mai. Matsalar burodin ce da madarar. Rabin dogon burodin nan yana da sitaci sama da giram 60, kuma farin fulawa ne, ba ya jimawa ya zama sukari. Ka ce a yanka maka kwata, a sa ƙwai biyu. Madarar gwangwani mai kauri fiye da rabin nauyinta sukari ne, don haka wanda ya ce "kada ka sa mini sukari" amma aka tsiyaya masa ita bai tsira da komai ba. Ka sha lipton ko Nescafé baƙi, ko da madarar gari cokali ɗaya. Kuma ka faɗa tun kafin ya ɗauki kofi, hannun mai shayi ya riga bakinka sauri.

Mai shinkafa. A Yamai da kuɗi ake auna abinci, to ka juya lissafin. Maimakon shinkafa ta dala sittin da nama guda, ka ce shinkafa ta dala talatin, sauran a ba ka nama ko kifi da kabeji. Shinkafa da wake ta fi farar shinkafa, musamman in ka roƙa a ɗebo maka inda waken ya fi yawa, don wake yana jinkirta hawan sukari. Abin da za ka ƙi shi ne haɗin gambiza: shinkafa, a ɗora taliya, a yayyafa garin rogo. Sitaci uku ne a kwano guda. Ka zaɓi ɗaya. Haka acceke da soyayyar ayaba, rogo ne da ayaba, ka ɗauki kifin da salatin, acceken cokali kaɗan, ayabar ka bar ta.

Dambu. Nan ake ruɗuwa, don an ga kore sai a ce magani ne. Dambu tsakin masara ne ko shinkafa ko gero aka turara da zogale, kuma wata mai dambun tsakin ya rinjayi ganyen nesa ba kusa ba. Wanda ya fi maka shi ne kwaɗon zogale zalla, abin da Zabarmawa ke kira kopto: dafaffen ganye, ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, yaji. Ka sayi kopto da yawa, a sa maka dambu ludayi ɗaya a gefe, ka ce kada a malala mai. A ganina duk bakin titi babu abincin ranar da ya kai wannan ga mai sukari, ga ƙoshi ga araha.

Mai nama. Balangu, tsire da gasasshiyar kaza ba sa ɗaga sukari. Ka nuna masa tsoka, ya cire kitsen, a yanka albasa da tumatir da yawa, ka ce kada ya barbaɗa magi a yajin, saboda hawan jini yakan biyo ciwon sukari. Amma mai shan glibenclamide kada ya ci nama kawai ya tashi, sai ya haɗa da ɗan burodi ko ɗan dambu.

Shawarma a gidajen abinci na Filato: a ciki suke cusa soyayyen dankali da mayonez da ketchup. Ka ce ban da dankali, a ƙara salati. In suna sayar da naman a faranti, ya fi. Fanke da masa mai sukari ka wuce su. Ƙosai da awara sun fi su, sai dai mai, guda huɗu ko biyar ya isa.

Direban Wadata:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To fura fa? Da zafin nan ita ce ke shiga, kuma ana cewa gero ba ya cutar da mai sukari.

Malam Na Harobanda:
Gero hatsi ne kamar sauran, ɗan'uwa. Ya fi farar shinkafa in da dusarsa, amma fura an daka ta, an dafa, an dama da ruwa, sha ake ba tauna ba, ga mai furar ta riga ta zuba sukari a ƙwarya. In dole ne, ka sayi dunƙulen furar da nonon daban, ka dama rabin dunƙule da nono mai yawa, ba sukari, ba zuma. Zuma ma sukari ce, kada wani ya ruɗe ka. Yawut na leda ka karanta jikinsa, in ka ga "sucré", wato mai sukari, ka mayar. Kuma furar ta zama ita ce abincin, ba abin kora shinkafa ba.

Hajiya ta Yantala:
Na yarda da Malam, sai dai jiki ya bambanta, na'urar awo ce za ta raba gardama. Ka auna kafin ka sha, ka sake aunawa bayan awa 2 daga fara sha. Abin da aka fi nema shi ne 0,80 zuwa 1,30 g/L kafin abinci, ƙasa da 1,80 bayansa, sai in likitanka ya sa maka wani mizani. In furar ta wuce da kai, ka rage rabi ka sake gwadawa wata rana. Ka wanke hannu ka shanya kafin ka huda yatsa, ragowar mangwaro ko dabino a yatsa yana ba da lamba ta ƙarya. Kada ka bar na'urar da tsinkayenta a gaban mota cikin rana, zafi yana lalata su. Bayan cin abinci ka taka minti 10 zuwa 15 kafin ka koma kujera. In kuma an taɓa ce maka ƙodarka ta fara taɓuwa, shawarar ƙara nama ba taka ba ce, sai ka tambayi likita adadin da za ka ci.