Farin tabo a haƙoran yarona: in daina sa masa makilin?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona mai shekara 7 ya yi famfara, sai sababbin haƙoran gaba suka fito da farin tabo kamar an ɗiga alli. Kafin mu dawo Jidda, a wata gona muka zauna wajen garin Ha'il, nan Saudiyya, ruwan rijiya muke sha. Surukata ta ce makilin ne ya jawo, in jefar in koma asuwaki. Ga ƙanwarsa 'yar shekara 2, ita nake ji wa tsoro. Don Allah a ba ni shawara.

Wata uwa daga Makka:
Wa alaikumus salam. Ki bi maganar Hajiya. Mu da asuwaki aka raine mu, haƙoranmu lafiya lau.

Ma'aikaciyar jinya a Jidda:
Anti, ki yi haƙuri, yaran yanzu ba irin abincinku suke ci ba. Kullum suna hanyar bakala, wato kanti, alawa da lemon kwalba. Asuwaki sunna ne kuma yana wanke baki, amma sinadarin fulorayid da ke cikin makilin shi ke ƙarfafa bayan haƙori ya hana shi ruɓewa. A haɗa biyun.

'Yar uwa mai tambaya, ni rijiyar nan na fi zargi. An san wasu rijiyoyin yankunan Ha'il da Ƙasim da yawan fulorayid, wanda in yaro ya sha shi da yawa yake jawo irin wannan tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya, ga shi kuma a ƙasa mai zafi yaro ruwa yake ɗirka ba ƙaƙƙautawa. Tabon yana samuwa ne tun haƙori na cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara 8. Wanda ya fito ba zai goge da buroshi ba, amma in fari ne kawai, yawanci matsalar ta kyan gani ce kawai. Ki kai shi mustausaf, wato ƙaramin asibiti, likitan haƙori ya duba, don akwai wasu abubuwan da ke sa irin wannan tabo.

Ita ƙaramar, ki shafa mata makilin kamar ƙwayar shinkafa, ba ƙari. In ta kai shekara 3, kamar ƙwayar wake. Ke za ki matsa da hannunki, ki tsaya a kanta ta tofar, ki kuma ɗora shi inda hannunta ba ya kaiwa, don masu ɗanɗanon alawar nan lashe su suke yi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Sista. In mun koma gona hutu, in tafasa ruwan ya isa?

Wani mai gyaran famfo daga Madina:
A'a, Hajiya. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, sinadarin yana nan, har ƙaruwa yake in ruwan ya ƙone. Filtar gawayi ma ba ta cire shi, sai irin na'urar da masu tahliya, wato masu tace ruwan sha, ke aiki da ita. Ki tafi wa yaran da ruwan galan, a jikin takardar ana rubuta yawan fulorayid ɗin.